Fuskar Inna Mariya a Bangon Jami'a

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Dolapo ta kira ina tsakar koyar da 'yan aji uku zane. Wai zauren baje kolin zane na jami'ar da take aiki zai nuna hotunana goma sha biyu, waɗanda na zana da gawayi na matan kasuwar bakin boda. Tun muna firamare nan Bagudo take cewa wata rana sai ta rataye zanena a bango. Ban iya ƙarasa darasin ba.

Asabar, 19 ga Oktoba
Na je na faɗa wa Inna Mariya, ɗaya daga cikin matan, tunda zanenta ne mafi kyau. Tana gyara busasshen kifinta ta ce ita dai kada a sa ta cikin magana, tana ƙetarawa Benin kowane mako da kwandonta, ba ta son ido. Na rantse mata sunan baje kolin "Iyayenmu Mata". Ni da Dolapo muka zaɓa.

Asabar, 2 ga Nuwamba
An buɗe jiya. Fararen bangaye, fitilu, mutane da manyan riguna. A ƙofa, da manyan baƙaƙe: "Matan Fasa-Ƙwauri". Ƙarƙashin zanen Inna Mariya har da sunanta da na garinsu, Lafagu.

Na ja Dolapo gefe. Ta ce shugabanta Dakta Haliru ne ya canza, wai sunan farko ba zai ja 'yan jarida ba. Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta kalli takalminta. Mako uku.

Mako uku, kuma kullum sai mun yi waya.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Na shiga mota na dawo gida.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Hoton zanen Inna Mariya ya shiga wayoyi. Ranar kasuwa masu shingen hanya sun sauke Inna Mariya daga kan babur, sun zazzage kifinta a ƙasa suna neman abin da babu. Ɗaya ya nuna mata fuskarta a waya yana dariya. 'Yarta Hamdiyya ce ta zo har makaranta ta gaya mini, ba ta ko zauna ba.

Matar da shekara talatin ba ta taɓa ɗauko ko kwano ɗaya na shinkafar waje ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba
Na je Lafagu. Ba ta ɗaga murya ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.
"Ɗiyata, ni na zauna miki wuni biyu ina riƙe wuya kina zana ni. Mi na yi miki?"
Na ce Dolapo ce, Dakta ne, ni ma yaudarata aka yi. Ta ce to. Ta ci gaba da tsince yashi daga kifin.

Talata, 19 ga Nuwamba
Saƙo bakwai daga Dolapo. Wai in zo taron tattaunawa da mai zane ranar Alhamis, ɗalibai na son tambayoyi. Ko kunya. Na bi ta gaban shagon maganin mamanta na kau da kai, tsohuwar tana ta kirana "Mashkura, Mashkura". Wannan ban kyauta ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba
Ban je ba. Abbas, wani malaminmu da ke karatu can, ya ce Dolapo ta hau mumbari ita kaɗai ta ce sunan ƙarya ne, ta san haka kuma ta yi shiru. Ta sauke zanen Inna da hannunta gaban Dakta Haliru. An ba ta takardar gargaɗi.

To sai me? Kifin ya koma kwando?

Alhamis, 28 ga Nuwamba
Akwai abin da ban rubuta ba ranar biyu ga wata. Bayan na ga rubutun ƙofar, an kira sunana, aka yi tafi. Na fita gaba. Na tsaya ƙarƙashin waɗannan baƙaƙen aka ɗauke ni hoto ina murmushi. Lasifika na hannuna, kuma abin da na ce kawai shi ne na gode.

Lahadi, 1 ga Disamba
Na koma Lafagu na faɗa wa Inna Mariya wannan, ban sa sunan kowa ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce yarinyar nan Bayarabiya ta riga ni, jiya ta zo da zanen a nannaɗe, ta durƙusa a tsakar gida har zaninta ya yi ƙura.
"Ku biyu duka ba ku da wayo," in ji ta. Ta tura mini turmi da ƙafa, na daka mata barkono har la'asar.

A hanyar dawowa na tsaya shagon maganin na gaida Mama. Dolapo na ciki tana jera kwalabe. Ban yi mata magana ba. Da ta miƙo kujera dai, na zauna.