Gidaje Arba'in da Uku na Damaga

Talata Mafara, Litinin

Kawu Tijjani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da damina. Tunda har yanzu babu layin waya, direban Maradun na ba wannan.

Takardun ƙidayar yaran Damaga 'yan ƙasa da shekara biyar da ka cika sun iso. Da su za a san yawan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da za a aiko muku, kuma ran Juma'a ake rufe karɓa. Na sa R, manhajar da muke aiki da ita, ta tara mini jimla, ta ƙi. Umarnin tarawa lamba kawai yake karɓa, ita kuwa ta ce rubutu na ba ta. Kalma ɗaya in ta shiga layin lambobi, duk layin ya zama rubutu a wurinta. Na bi gida-gida. A gidaje arba'in da uku, wurin yawan yara, "Alhamdulillahi" ka rubuta.

Malam Balarabe na Bakura, wanda ya koya mini aikin, ya ce ana iya tilasta ta mai da layin lambobi, sai dai gidajen nan za su fita fanko, ba magani ke nan. Ban yi ba tukuna.

Ɗiyarka,
Husna

Maradun, Talata

Ɗiyata Husna,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa sai godiya.

Abin da anka faɗa min shi na rubuta. Kin zauna ofis kin mance. A ruga ba a tsai da uwa a ce ta ƙidaya ɗiyanta kamar awaki. Ɗan fari ko sunanai ba ta kamawa, balle ta sa shi cikin ƙirga. Na tambaya, an ce Alhamdulillahi, ni kuwa ba ni ƙaga lamba don in faranta ma na'ura.

Kar ki share kowa. Gobe zan koma.

Kawunki

Maradun, Laraba

Husna,

Bayan gaisuwa. Ban tambayi kowa komai ba. Dabino na saya, na ƙirga ɗari biyu a buhu. Kowane gida na ce a fiddo min yara in yi musu addu'a. Duk wanda hannunai bai kai kunne ba ta bisa kai, alamar bai cika shekara biyar ba, na ba shi guda, na ɗan goye kuwa na ba uwar. Ina fita sai in ja layi a takarda. Sittin da tara sunka rage. Ga lambar kowane gida a baya.

A gaida ƙanwata.

Kawunki

Talata Mafara, Alhamis

Kawu,

Ina gaisuwa. Na shigar, ta tara ba gardama. An ƙara ma Damaga maganin yara ɗari da talatin da ɗaya.

Jiya na tambayi Inna mu nawa ta haifa. Ta dube ni, ni 'yar farinta, ta ce Alhamdulillahi.

Ka huta lafiya.

Husna