Ka Tafi Yaƙin Da Aka Gama, An Yi Huɗuba Ba Ka

Zuwa ga maigidana, Abban Hanan,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya a tsibirin da ko waya ba ta shiga. Na rubuta a nan, inda kowa zai karanta, ko wani ya kai maka.

Na sauka. Namiji ne. Gobe suna.

Ka tuna ranar da kake haɗa jaka a gidanmu na Cheras, nan Malesiya, ni kuwa ƙafafuna sun kumbura? Na ce ka bari in haihu. Ka ce digirinka ba zai kammalu ba sai ka taka tsibirin Run a Indonesiya, wanda Turawan Ingila da na Holan suka yi ta rigima a kansa saboda gyaɗar ƙamshi. "Likita ta ce da saura," in ji ka. Likita ce ta halicce shi?

Shekara nawa ina shan labarin nan? Ina tuƙa tuwo, kana nutsar mini da jirage. Yadda 'yan Holan suka kutsa kogin Ingila, suka cinna wa jiragen yaƙi wuta, suka ja na sarki suka tafi da shi. Yadda a wajen sulhu suka bar garin da ya zama New York, suka riƙe ɗan tsibirin. Kana ƙyalƙyala dariya: "Dubi wautar musaya!" To kai fa, Malam? Gyaɗar da nake saya a kedai, ɗan kantin nan na ƙasan benenmu! Haba, wallahi raina ya ɓaci.

Naƙuda ta taso da rana tsaka, Hanan tana ihu. Maƙwabcinmu Malam Isa mai kilishi ya rufe sana'arsa, shi da matarsa suka kai ni asibiti. Shi ya tauna dabino, shi ya kira salla a kunnen ɗanka. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi sunan da za a yi huɗuba da shi.

Na san ka yi wa Alhaji mahaifinka alkawarin takwara. Na kira ka har batirina ya mutu. Sannan na ba da sunan wanda ya tsaya.

Jaririn hancinka ya ɗauko, har da yadda kake tamke fuska in kana karatu. In na dube shi sai in rasa inda zan sa fushin.

Allah ya kwantar da tekun, ya dawo mana da kai lafiya. Bayanin Alhaji kuwa, kai za ka yi.

Matarka,
Maman Isa