Fuskar Tsohuwa Cikin Ganyen Zogale

Zuwa ga Inna Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifiya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Isuhu ne, ɗanki da ya taho Madina neman ilimi ya ɓige da riƙe aska.

Ina nan unguwar Ƙurban, ina yi wa mutane ƙaho, wanda nan ake ce wa hijama. Shekara ashirin da biyu ina kallon gadon bayan mutane, Inna. Gwiwa ta gaji, waɗanda muka zo tare duk sun zama shehunai. Amma ba ƙorafi ya kawo ni ba. Kwana huɗu ke nan ina murmushi ni kaɗai, har maƙwabcina Basudane yana tambaya ko aure zan ƙara.

Ran Litinin wani ɗan Filifin ya shigo shago, mai gyaran lantarki ne, watansa huɗu da musulunta, ya zaɓi suna Bilal. Da ya cire riga sai ga fuskar wata tsohuwa a kafaɗarsa, zanen allura da tawada, baƙi da toka-toka kawai. Har furfurarta ta fito, ido kamar zai ƙifta. Ganye ya kewaye ta. Na matsa kusa na duba, wallahi zogale ne, irin na bayan ɗakinki! Ashe su ma suna ci. Ya ce mahaifiyarsa ce, ta rasu, kuma da miyar ganyen nan ta raine su.

Ba ƙaho ya zo yi ba. Wani a wurin aikinsu ya ce masa muddin zanen na jikinsa, sallarsa ba ta karɓuwa. Shi ne yake so in tsattsaga fuskar da aska har ta ɓace. Ya kifa ciki, ya ciji hannun rigarsa, yana jira.

Na kasa, Inna. Na san maganar nan, don ni ma na taɓa faɗinta. Shekarar da na zo hutu, na karanta littafi biyu ina jin kaina, na dubi jarfar da aka yi miki a kunci tun kina 'yar shekara shida na ce haramun ce. Kika ce, "To Malam, a miƙo sabulu." Duk gidan aka yi dariya. Amma daga ranar, in za ki tayar da salla sai kin ja mayafi kin rufe kuncin. Na gani, ban janye maganata ba, na dawo Madina.

Na rufe shago na ja Bilal zuwa unguwar Al-Sih, gidan Malam Habibu da ke koyarwa a jami'a. Ba ma shiri da mutumin, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa, amma karatu kam ya san shi. Ya ce yin zanen bai halatta ba, kada ya ƙara, sai dai abin da ya yi kafin shahada an yafe, sallarsa daidai take, kuma kada ya kuskura ya yanka jikinsa. Bilal ya rungume shi har hula ta faɗi.

A bakin ƙofa na tambaye shi hukuncin yarinyar da aka yi wa jarfa ba da zaɓinta ba. Ya ce wannan ai ko tambaya ba ta kai ba, babu komai a kanta.

Jiya Bilal ya dawo, na yi masa ƙahon gaske. Na jera kofunan can gefe, ko ganye ɗaya na zanen ban taɓa ba. Ya kawo miyarsu ta kaza da zogale, ni kuma na kwaɗa masa namu da ƙuli da yaji. Yaji na sa shi hawaye, yana neman ƙari.

Inna, sallolinki duka sun yi. Tun farko sun yi, ni ne ban iya karatu ba. Ki yafe mini.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi. Ya Allah, ranar da za ka haɗa mu, ka bar mata fuskarta yadda na san ta, don in hango ta tun daga nesa.

Ɗanki mai kewarki,
Isuhu Wanzami