Ƙorafi Kan Bakin Gendhis da Lambar Yabon Kaligondo

Ratri Kinasih,
Ma'aikaciyar Jinyar Haƙori,
Ƙaramin Asibitin Kaligondo.
Litinin, 14 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga
Mai Girma Dakta Hartoyo Wiryawan,
Shugaban Sashen Lafiya,
Gundumar Wringinsari, Java ta Tsakiya.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA GENDHIS, 'YAR SHEKARA UKU, TAKARDAR TURAWA BABBAN ASIBITI, DA KUMA RAHOTON DA YA CE BA TA DA CIWO

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin tuna maka cewa ka san yarinyar nan. Ranar Talata, 6 ga Yuni, da ka zo miƙa wa ƙauyenmu lambar yabo ta Ƙauyen da Ya Kori Ruɓewar Haƙori, kai da kanka ka ɗauke ta domin a yi hoto. Ta buɗe baki za ta yi kuka, ka leƙa, ka ga abin da ka gani, sai ka mayar da fuskarka wajen tuta. Ina tsaye taku uku daga gare ka. Mai ɗaukar hoto ya ce, "Yara, kowa ya rufe baki, murmushin manya za mu yi." Hoton ya yi kyau ƙwarai. Yana rataye a ƙofar asibitinmu, yara goma sha biyu, babu haƙori ko ɗaya a waje.

Na rubuto maka ranar 19 ga Yuni, na sake rubutowa ranar 10 ga Yuli. An tabbatar mini cewa takardun biyu sun iso kuma an buga musu hatimi, abin da nake godiya a kai. Ga ta uku.

1. Yadda aka samu sifili. Kamar yadda Mai Girma ya sani, tunda a Java aka haife shi, idan haƙoran gaba na yaro suka yi baƙi suka gutsuttsure har suka koma kututture, mutanenmu ba sa cewa ya kamu da ciwo. Cewa suke yi ya yi gigis, kamar yadda za a ce ya fara rarrafe. Fom ɗin da ofishinka ya raba wa matan sa-kai masu awon yara yana da gurbi biyu kacal: lafiyayye, da ruɓaɓɓe. Babu wanda ya gaya musu cewa gigis da ruɓewa abu ɗaya ne. Bu Marni, ɗaya daga cikin matan sa-kan, wadda ta shekara goma sha tara tana wannan aiki ba a biyanta, ta duba bakuna ta cika gurbin lafiyayye da zuciya ɗaya. Da na tambaye ta, ta ce, "Haba Mbak Ratri, ruɓewa ai ta manya ce. Wannan gigis ne, ki tambayi kowa." Ranar awo ta 6 ga Yuli na duba da kaina. Yara arba'in da ɗaya 'yan ƙasa da shekara biyar, ashirin da tara suna da shi. Rahoton da ya kawo mana lamba ya ce sifili. Ina taya gunduma murnar warkar da yara ashirin da tara da kalma guda, ba tare da an taɓa bakin kowa ba.

2. Kyautar ranar bikin lamba. Kowace uwa ta koma gida da jaka mai ɗauke da tambarin sashenka. A ciki akwai gwangwanin madara mai kauri, wadda kusan rabinta sukari ne, da biskit mai zaƙi ƙunshi biyu, da buroshi ɗaya. Buroshin na manya ne, ba ya shiga bakin ɗan shekara biyu. Don kada a ce an yi asara, ina sanar da Mai Girma cewa ana amfani da su: na ga ɗaya ana wanke sarƙar babur da shi.

3. Ita Gendhis. Mahaifiyarta tana aikin jinyar tsofaffi a Taiwan, yarinyar tana hannun kakarta, Mbah Ngatinem, mai sayar da soyayyen tempe, wato wainar waken suya, a bakin kasuwa. Tun tana wata takwas ake dama mata madarar gwangwani a kwalbar shayarwa, da ita take barci a baki. Da na je gidan na yi magana, Mbah ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke Nduk, 'yar nan, yaushe aka yaye ki? Haƙoran aro ne, za ta yi famfara su zube. Ubanki ma da gigis ya tashi, ga shi yau yana gatsar rake." Na ce madarar ce ke cinye su. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko jakar nan taku ta ɗora mini a cinya. "To karanta mini tambarin. Hukuma ce ta ba ni, ke kuma hukuma ce ta ɗauke ki aiki. Ku je ku shirya tsakaninku, sannan ki dawo." Shekara uku na yi a makarantar jinya, ba a koya mini amsar wannan ba. Ina roƙon Mai Girma ya aiko mini da ita.

Ba na ƙorafi a kan Mbah Ngatinem. Tsohuwar nan ba ta taɓa fashin ranar awo ba.

4. Halin da ake ciki. Haƙoran gaba huɗu na sama sun ƙare. Haƙorin turmi ɗaya na hagu ya yi kogo, ƙurji ya fito a dasashi yana fitar da mugunya, kuncin ya kumbura. Ba ta iya tauna shinkafa. A watan Mayu nauyinta kilo goma sha ɗaya da ɗigo biyu. Ranar 3 ga Agusta kilo goma da ɗigo uku. Da aka ga ta rame, ƙa'idar ranar awo ta tanadi ƙarin abinci ga yaron da ya rame, saboda haka aka ba ta biskit.

5. Takardar turawa. Aikin da bakin nan yake buƙata ya fi ƙarfin kujerata da kayan aikina. Sai likitan haƙoran yara, wanda ke zuwa babban asibitin gunduma sau ɗaya a wata, kuma ba ya ganin kowa sai da takarda daga asibitinmu. Na cika takardar ranar 4 ga Agusta na kai wa shugabanmu, Pak Darmaji. Ya karanta, ya tura mini ita da ɗan yatsa, ya ce, "Mbak Ratri, wata biyu da karɓar lamba sai mu aika da ruɓewar haƙori daga Kaligondo? So kike a ce Pak Dakta ya yi ƙarya? Yarinya, ki bi a hankali, tukunna ko kujerarki ba ta yi ɗumi ba." Ya soke abin da na rubuta, ya sa hangum. Hangum ba ya buƙatar turawa. Mbah Ngatinem da ta ji sunan ciwon, ta yi abin da kowace kaka take yi wa hangum a ƙauyen nan: ta dama bular wanki ta shafe kuncin da ita. Yau kwana goma ke nan Gendhis tana yawo da kunci shuɗi, ana jinyar ciwon da ba ta da shi, domin wanda take da shi an riga an ba mu lambar korarsa.

6. Wannan ba ya cikin fom, amma zan faɗa. Ranar Lahadi ina gidan Mbah, sai uwar yarinyar ta kira ta waya mai hoto. Ta ce, "Nduk, yi wa Ibu, mamanki, dariya in gani." Yarinyar ta haɗe leɓɓa gam, ta yi murmushin manya. Uwar ta ce kai, 'yata ta girma, ta fara kunya. 

Mai Girma ya san abin da ƙurji irin wannan yake yi idan ya gangara wuya ko ya hau wajen ido. Shi ya koyar da mu wannan darasi a shekarata ta biyu, na kuma ci jarrabawarsa.

Saboda haka, cikin ladabi, ina neman abubuwa kamar haka. A gyara fom ɗin, a rubuta kalmar gigis ɓaro-ɓaro a gurbin ruɓewa. A daina sa madarar gwangwani a jakar da ke ɗauke da tambarin lafiya. Lambar kuwa, a bar ta ko a ɗauke, bangon ba zai yi kuka ba.

Waɗannan za su iya jiran taro. Wanda ba zai jira ba shi ne wannan: likitan yara zai zo ranar Talata, 22 ga Agusta, in ya tafi sai ƙarshen Satumba. Na haɗa sabuwar takardar turawa da wannan wasiƙa, da sunan ciwon na gaskiya, saura sa hannu. Dokar aiki ta ba ka ikon sa hannu inda shugaban asibiti ya ƙi. Ka sa kafin a tashi aiki ranar Litinin, 21 ga wata. Idan kuwa kana shakkar abin da na rubuta, tafiyar minti arba'in ce zuwa Kaligondo, gidan yana bayan rumfar tempe. Ka zo ka sake ɗaukar ta, ka ce ta buɗe baki. Wannan karon babu tuta a wurin.

Ina roƙon gafara idan harshena ya wuce matsayina. Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Ratri Kinasih

Haɗe da wannan: takardar turawa ta Gendhis, da sunayen yara ashirin da tara.