Sunanka a Bangon Makaranta

Kafanchan,
14 ga Oktoba.

Zuwa ga ɗana Kaleb,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da aikinka, da mutanen da kake zaune da su a Fatakwal. Kullum ina sa ka a addu'a, ko ka ɗauki wayata ko ba ka ɗauka ba. Mu nan lafiya, sai gwiwata da ke damuna in an yi ruwa. Cittar bana ta fi ta bara, ko da yake ciyawa ta cinye rabin gonar tun da babanka ya rasu. 'Yarka Zipora tana aji biyar, ta kusa kamo kafaɗata. Na ba ƙanwarka Clara wannan takarda ta sa maka a hannu. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta, ban haife ka don ka riƙa jin maganar uwarka a tsaye ba.

A wannan zango malamar su Zipora, Madam Mildred, ta sa yara su yi zane a bangon makaranta da ke fuskantar hanyar kasuwa, don a jawo hankalin manya da yara ga karatu. Alhaji Ubaidullahi mai shagon kayan gini ya ba da fenti. Sati uku yarinyar nan tana dawo mini da yunifom duk fenti, na kuwa yi faɗa a kai, ka san ni. An ce kowane yaro ya zana mutum ɗaya daga gidansu yana karatu ko rubutu, ya sa kalma ɗaya a ƙasa. Ranar Talata na biya ta wurin daga kasuwa. Ga mai gasa masara da littafi a cinya, ga ɗan acaba da jarida. Can gefe sai na ga babanka. Zipora ba gwanar zane ba ce, amma hular nan tasa ce ta reluwe, ga tabarau a aljihun gaba, ya sunkuya a kan benci da biro a hannu. A ƙasa an rubuta sunanka da jan fenti, sai dai harafin ƙarshe ya juya baya: Kaled.

Raina ya ɓaci. Jikar mace da ta gama sakandare ta kasa rubuta sunan ubanta, kuma a bangon da aka yi don gari ya koyi karatu. Ban jira mun kai gida ba. A gaban 'yan ajinsu na ja kunnenta, na ce ta ɗauko buroshi ta gyara. Madam Mildred ta ce ita ma sau biyu tana sa ta, yarinyar ta ƙi. Zipora ba ta yi kuka ba, ta ce kawai ba kuskurenta ba ne, haka Kaka yake rubutawa. Na ce har da ƙarya ta ƙara, ai kakanta bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba a duniya. Sai da maganar ta fita daga bakina na tuna inda nake tsaye, da yawan kunnuwan da ke wurin.

To, ga abin da na ɓoye maka tun kana goye. Babanka bai iya karatu ba. Ka tuna yadda in an miƙa masa takarda yakan ciro tabarau ya goge, ya ce sun daina yi masa daidai, ya miƙa wa na kusa? Idonsa ƙalau yake har ya mutu. Waƙoƙin coci haddace su ya yi. Duk takardar da ta shigo gidan nan ni ke karanta masa a ɗaki, duk wadda ta fita ni na rubuta. Shi dattijon ikilisiya ne, ni kuma ban so a ce na auri wanda bai shiga aji ba. Farkon aurenmu ya roƙe ni in koya masa. Kwana uku muka yi, na yi masa tsawa irin wadda nake yi muku, na ce ɗan aji ɗaya ya fi shi. Ya rufe littafin, bai sake buɗewa a gabana ba.

Ka san abin da ya shiga tsakaninku. Bayan rasuwar matarka ka ce za ka bar aikin koyarwa, ka bar mana Zipora ka tafi, shi kuwa ya zage ka a gaban surukanka. Da na faɗa maka ya yi nadama, ka ce maganata ce ba tasa ba, ba ka kuma son jin muryarsa a waya. In da gaske yake, ya rubuto maka ko layi ɗaya da hannunsa. Na kai masa saƙon yadda ka faɗa. Shekara biyu kana jira, ka zo jana'izarsa da safe, ka juya da yamma.

Da muka koma gida ranar Talatar, Zipora ta ciro wani littafin rubutu daga ƙasan akwatinsa na ƙarfe. Ashe duk Laraba, in na tafi zumuntar mata, tana koya masa a gindin mangwaro. Ya sa ta yi alkawari ba za ta gaya mini ba, wai Mama za ta maka masa jan biro. Ta ce ta sha faɗa masa cikin b gaba yake kallo, na d baya, shi kuma ya ce a shekarunsa ciki inda ya ga dama yake kallo. Shafi bayan shafi sunanka ne. A shafin ƙarshe ya haɗa layi guda. Ta ce masa su ba direba ya kai maka, ya ce a bari sai harafin nan ya tsaya daidai, don ɗansa ticha ne, kada ya yi masa dariya. A satin ne ciwon ya kwantar da shi.

Ba wanke ka nake yi ba, Kaleb. Ɗa ba ya kafa wa ubansa sharaɗi, kuma wanda ke zuwa sujada ya san abin da aka ce mana game da gafara. Amma laifina ya fi naka. Kalma ɗaya daga bakina da ta ishe ka, na riƙe ta don kada girmana ya zube. Washegarin Talatar na koma makarantar, na ba Zipora haƙuri a gaban yaran da na ja kunnenta a gabansu, na ce wa Madam Mildred kada a taɓa harafin. Yanzu unguwa duk ta ji. Mata biyu daga zumunta sun je makarantar sun ce su ma ba su iya karatu ba. Madam Mildred ta ce ko zan riƙa koya musu ranar Asabar. Na ce ta nemi wata, ni na riga na kori ɗalibi ɗaya.

Za a yi bikin buɗe bangon ranar Asabar ta farko a Nuwamba. Kowane yaro zai tsaya a gaban zanensa tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Zipora ta ce ita kaɗai za ta tsaya, ta saba. Maganar nan ba ta dace da bakin yarinya mai uba a raye ba.

Ka gaishe mini da Dickson mijin Clara da yaransu. Kawunka Luke na Zonkwa yana gaishe ka. Zipora ba ta ba da saƙo ba, ni kuma ban tilasta mata ba. Na yage shafin ƙarshen na naɗe shi a cikin wannan takarda. Layi ɗaya ka nema da hannunsa, ga shi nan. Shi ba za ka iya ba shi amsa ba, sai ka zo ka ba wadda ta koya masa.

Ni ce mahaifiyarka,
Serah.