Indararon Maƙwabcina Ya Rusa Mini Ɗaki

Hajiya Rahmatu, assalamu alaikum. Ki taimaka mini da shawara, domin a garin nan babu sauran wanda zan tambaya ya amsa mini ba tare da ya kau da kai ba.

Ni tsohon malamin makaranta ne a wani gari kusa da Zango. Na yi karatu lokacin da karatu yake da daraja, na koyar da mutanen da yau suke wuce ni a mota ko gudu ba su ragewa. Ba wannan ya kawo ni ba, amma gara ki san da wa kike magana. Matata Hadijatu ta rasu. 'Yata Ikilima tana aure a Kano, ɗana kuwa sai dai muryarsa a waya ranar sallah. Ni kaɗai nake kwana a gidan.

Maƙwabcina Jibril dillalin awaki ne. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta ƙasa, iyayenmu suka gina ta. Tun rasuwar Hadijatu daga gidansa ake miƙo mini tuwo, kuma shi kaɗai ke zuwa bayan la'asar mu zauna a ƙofar gida, yana ba ni labarin kasuwa, ina yi masa bayanin abin da rediyo ta faɗa.

Bara 'ya'yansa suka yi masa rufin kwano. Kowa a nan ya san ƙa'idar indararo: lungu yake kallo, ba gidan wani ba. Nasa sai aka kafa shi yana zuba a gindin katangar, daidai bayan ɗakin marigayiya. Na yi masa magana a gaban mutane, ya yi dariya ya ce kafin ruwa ya sauka zai sa a juya shi. Na sake tuna masa, ya ce Malam ya cika Turanci. Ruwa ya sauka. Cikin watan Agusta, da azahar, katangar ta zube ta tafi da rabin ɗakin. Gadonta, kwanukanta da littattafaina duk suka koma taɓo. Allah ya sa ina masallaci.

Jibril ya zo jaje, ya ce ƙaddara ce. Wannan kalma ita ta ƙona ni. Na san da ƙaddara tun kafin ya san farashin akuya, amma hannun mutum ne ya kafa indararon nan. Washegari na sa babbar riga na tafi wurin 'yan sanda na rubuta ƙorafi da hannuna. Suka zo suka tafi da shi a gaban jikokinsa, ya wuni a can, sai da mai unguwa ya je aka sake shi. A ƙarshe suka ce mini wannan ba maganarsu ba ce, in je kotu in ina so.

Tun ranar tuwo ya tsaya, ban kuma yi mamaki ba. A masallaci ana ba ni hannu ana duban wani wuri. Cewa ake yi ɗan boko ya kai maƙwabcinsa caji ofis a kan laka. Wanda ya rusa ɗakin kuwa shi ake yi wa jaje. Bayan la'asar nakan fito in zauna, in ji muryarsa ta bayan zanan da na kafa a gurbin katangar, in koma ciki.

Indararon yana nan yadda yake. Damina na tahowa, ɗakin da nake kwana shi ne na gaba. Shin ina da haƙƙi a shari'a, ko shi ma ya zama abin masu mota? In kuma na kai ƙara, wa zai tsaya mini shaida a garin da ba a gaishe ni?

Naki,
Tsohon Malami, ƙasar Daura


Baba, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hadijatu.

Kana da haƙƙi, amma ƙofar da ka fara bugawa ba ita ba ce. 'Yan sanda aikinsu laifi ne irin sata da duka, inda hukuma ke hukunta mutum. Naka ɓarna ce ta sakaci tsakanin mutum da mutum. Irin wannan kai da kanka kake shigar da ƙara, a kotun shari'ar Musulunci ko wata kotun da ke da hurumi, kuma ba ɗauri ake nema ba, gyara da diyya ake nema.

Alƙali zai so ya tabbatar cewa wajibi ne a kan Jibril ya kiyaye ruwansa daga gidanka, cewa ya yi sakaci bayan an gargaɗe shi, kuma ruwan ne ya kayar da katangar har ka yi asara. Gargaɗin da ka yi a gaban mutane babbar hujja ce, kuma kotu na iya kiran shaida ko yana fushi da kai. Ka sa a ɗauki hoton indararon da ɓaraguzan. Kotu tana kuma iya umartar a juya shi. Kada ka daɗe, ƙara tana da wa'adi. Lauya zai faɗa maka nawa ne.

Sai dai za a tambaye ka yaushe rabon katangar da yaɓe. Ba ka ambata ba. Idan ta daɗe ba gyara, za a ɗora maka kaso na sakacin, diyyar ta ragu.

Ka duba ɓangarensa kuma. Ya yi kuskure, ya kuma ɓuya a bayan ƙaddara. Amma dattijon da aka tafi da shi a gaban jikokinsa shi ma an yi masa rauni, kuma kai ka jawo. Ba da haƙuri a kan wannan ba ya soke haƙƙinka a kan ɗakin.

Shawarata, a wannan makon ka je wurin mai unguwa ka nemi ya haɗa ku. Ka fara da ba Jibril haƙuri a kan 'yan sanda, a fili, ba tare da dogon bayani ba. Sannan ka nemi a juya indararon kafin ruwan fari, a sake gina katangar da taimakon 'ya'yansa, a sa rana a gaban shaidu. In ya ƙi, kotu tana nan, kuma za ka shige ta bayan mutanen gari sun ga ka nemi sulhu.

Ka kira Ikilima ka gaya mata duka. Wasiƙarka ta nuna mini ba ta san a wane hali kake kwana ba.

Kotu za ta iya tilasta wa Jibril ya gina katanga, Baba, amma ba za ta iya umartarsa ya zo ya zauna da kai ba. Wannan sai ka je da ƙafarka. Allah ya sanyaya zukatanku, ya kai mu damina lafiya.

Rahmatu