Bakin Abdul-Samed

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Jikata Mubarika ta kira daga Ingila. Bincike take yi kan tsofaffin fina-finan barkwanci na Turawa, waɗanda aka ɗauko daga wasan dandamali. Wai masu sharhi na can sun kushe su tun fitowarsu: ɗaki ɗaya, ƙofofi, surutu. "Kaka, ku a Zongo yaya kuka gan su?" Na ce ni malami ne, me ya haɗa ni da silima?

Ƙarya na yi, Allah ya yafe.

Talata, 7 ga Mayu

Mu ai ba mu taɓa jin surutun ba. Abokina Abdul-Samed ne ke hawa benci a silima yana fassara mana, alhali ko gaisuwa bai iya da Turanci ba. Ƙirƙira yake yi! Bature ya ɓuya cikin kabad, Samed ya ce da bakinsa, "Wayyo, waken jiya!" Har faɗuwa muke yi.

Alhamis, 9 ga Mayu

Shekara talatin da ɗaya ba ma magana da Samed. Ni na kama sunansa a wa'azi, gaban jama'a, na ce shi ya lalata yaran unguwa. Yana sahu na biyu. Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Ina kewarsa. To, na rubuta.

Juma'a, 10 ga Mayu

Yarinyar nan ta nace a naɗo mata muryar wanda ya gani da idonsa. Lariya, matata, ta ce, "Malam, Krofrom ɗin da Samed yake Makka ce? Motar trotro ɗaya ce fa." Na ce ta bar ni in ji da karatun yara.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ban je ba.

Talata, 14 ga Mayu

Na je. 'Yarsa Rakiatu ta ce tun bara shanyewar jiki ta kama shi, magana ta tafi. Inna lillahi. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Jawabin da na shirya a mota duk ya gudu.

Sai na kunna guntun fim ɗin da Mubarika ta turo, na rage sauti. Ni, da rawanina, na yi muryar Bature, na yi ta matarsa. Ban iya ba sam. Rabin bakinsa ya yi dariya, ya buge ni a gwiwa wai na ɓata wurin.

Na ce wa Lariya don yarinyar na je. Ban naɗo komai ba. Na kuma bar carbina a can, dole gobe in koma.